Shekarar da Muka Shiga Aji da Tsakuwa

A unguwarmu ta Dakoro babu yarinyar da ke son zama gabana a wasan carafke, a ajinmu kuma babu wadda ke son zama kusa da ni ranar kompozisiyo, wato jarrabawa. Na farkon don zan cinye mata tsakuwa ne. Na biyun kuwa don ko ta leƙa takardata ba abin da za ta samu sai sunana, shi ma a karkace.

Carafke dai wasan ƴan mata ne. A zana ɗan da'ira a ƙasa, a zuba tsakuwa a ciki, ki ɗauki guda ɗaya wadda muke kira uwa, ki jefa ta sama. Kafin ta dawo sai ki kwashi na ƙasa, ki cafe ta. Ana farawa da ɗai-ɗai, a koma bibbiyu, sai uku-uku, har sama. Idan uwa ta kuɓuce miki, ko kika taɓa tsakuwar da ba ki nufa ba, kin faɗi, sai ki miƙa wa abokiyar wasa. Wanda bai san garinmu ba zai ce ai tsakuwa ba abin rigima ba ce. To Dakoro yashi ne, ki yi ta tono har ki gaji ba za ki ci karo da dutse ko ɗaya ba. Tsakuwar kirki sai manyan motoci sun zubo jar ƙasa don gyaran hanya, mu bi bayansu muna tsinta kamar kaji. Nawa suna cikin gwangwanin tumatir a bayan randar innata, kuma kusan rabinsu na ƴaƴan maƙwabta ne da na ci a wasa.

A shekarar da nake ba da labari ina aji huɗu karo na biyu. Na yi duble ke nan, wato na faɗi an ce in maimaita. Dokar lakwal, wato makarantar boko, kuwa a fili take, dirakte shugaban makarantar ya faɗa wa babana a gabana: wanda ya faɗi aji ɗaya sau biyu, kora ce. Ni kuma duk da rashin ƙoƙarina ina son lakwal sosai. Ina son ƙamshin sabon kaye, littafin rubutu ke nan, ina son layin safe, ina son ƙawayena. Nakan tuna za a iya korata, amma ban san abin da zan yi a kai ba, don haka sai in je in yi carafke in manta.

Babban abokin gabana shi ne kalkil, lissafi ke nan, musamman jadawalin ninkawa. Kowace safiya aji duka zai miƙe ya rera shi da Faransanci, da murya ɗaya mai hawa da sauka. Na haddace muryar tsaf, har da inda ake jan numfashi. Kalmomin ne dai ban riƙe ba. Cikin taro bakina yana motsi daidai da na kowa, har ina kaɗa kai. Da mushe, wato malaminmu, ya nuna ni ni kaɗai ya ce set fwa sis, bakwai sau shida ke nan, sai in tsaya ina kallon rufin kwano kamar an rubuta amsar a can.

Babana gugar rijiya yake ɗinkawa. Yana da rumfa a gefen kasuwar dabbobi, yana yanka tsohuwar robar cikin taya ya ɗinke ta, makiyaya daga Bader Goula da Azagor su zo su saya da igiya. Hannuwansa kullum baƙi ƙirin da roba. Bai taɓa shiga aji ba, amma shi ya kai ni lakwal da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa har aka rubuta ni. Ba mai yawan magana ba ne. Ranar da aka ce na faɗi bai dake ni ba, bai ma yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ki ƙara ƙoƙari, ɗiyata." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ana tsakiyar shekara aka mayar da mushenmu Kornaka, aka kawo mana wata madam daga Maradi. Gajera ce, yarinya-yarinya, tana da dariyar da ake ji daga aji uku. Mun ɗauka ba za ta iya da mu ba, don mun fi sittin a ajin.

Sati biyu da zuwanta, muna bayan aji lokacin rekireyasiyo, wato hutun tara, wasa ya yi daɗi har aka buga ƙararrawa ba mu ji ba. Ina cikin kwasar huɗu-huɗu na ga inuwa ta rufe da'irar. Na ɗaga kai, madam ce, da lakire, wato alli, a hannu. Sauran yaran duk suka miƙe suna kakkaɓe zane. Ni uwa tana sama, ban iya barinta ta faɗi ba, sai da na cafe sannan na tashi.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wa ke ci cikinku?"

Yatsu biyar suka nuna ni. Na ce a raina yau bulala ta tabbata.

Sai ta tuɓe takalmi, ta tattare zanenta tsakanin ƙafafu, ta zauna a ƙasa. "Zamna," in ji ta. "Na daɗe ban yi ba, ki yi mini sannu."

Ba ta daɗe ba ta yi ba, wannan kam ƙarya ce irin ta manya. Hannunta yana da sauri, ta wuce ɗai-ɗai da bibbiyu ba tare da ta kalli ƙasa ba. Amma a uku-uku zobenta ya taɓa wata tsakuwa, kuma ni ba na yafe wa kowa a carafke, ko da madam ce. Na karɓa na share da'irar. Sai da na gama hankalina ya dawo, na tuna wa na ci.

Ta yi dariyar nan tata. Sannan ta ce, "In kinka kwashi huɗu-huɗu har sau huɗu, nawa ke hannunki?"

"Sha shidda," na ce, ban ko yi tunani ba.

"To shi na kat fwa kat. Sez. Abin da kike rerawa kullum da sahe ke nan."

Na tsaya ina kallonta. Wallahi har ranar ban taɓa sanin waƙar safen nan tana magana a kan wani abu da ake iya riƙewa a hannu ba. Na ɗauka irin karatun da ake haddacewa ne don manya sun ce a haddace. Shekara huɗu da rabi ba wanda ya gaya mini tsakuwa ake ƙirgawa.

Washegari madam ta zo da tabarma a naɗe. Rabin awa kafin a tashi da rana ta shimfiɗa ta gaban tablo, babban allon aji, ta raba mu biyu: ƴan ƙofa da ƴan taga, kowa da ɓangaren da taburinsa, wato bencin zamansa, yake. Dokar wasan mai sauƙi ce. Mutum ɗaya daga kowane ɓangare zai zauna a tabarma. Madam za ta kira jadawali, a ce na shida. Duk jifar da kika yi, sai kin faɗi layi ɗaya, sis fwa an, sis fwa de, da amsarsa, kafin uwa ta dawo hannunki. Idan dutse ya faɗi kin fita, idan baki ya yi kuskure kin fita. Wanda ya fi nisa, a ja wa ɓangarensa sanda ɗaya a tablo. Ranar Juma'a a haɗa. Waɗanda suka ci su ke buga ƙararrawa sati mai zuwa, waɗanda aka ci su ɗebo ruwa su yayyafa su share aji.

Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen dogon yaro, ana dukansa da guntun ƙarfe. Da can ƴan aji shida kaɗai ke taɓa shi. Yadda madam ta shawo kan dirakte ya yarda, ban sani ba har yau. Abin da na sani shi ne a lokacin da za a ba mu zaɓi tsakanin buga ƙarfen nan da naman salla, da yawanmu ƙarfen za mu ɗauka.

Maza suka ce ba za su yi ba. Wani dogo mai zama kusa da ƙofa ya miƙe ya ce, "Madam, wanga ai wasan mata na."

"Gaskiyarka," in ji ta. "Duk wanda ba ya yi, a ba ɗaya ɓangaren sanda, ya zamna ya huta."

Ba a yi kwana biyar ba aka fara ganinsu a bayan katangar masallaci suna jefa ƙwallon aduwa sama, idan mace ta gifta su ɓoye hannu su yi kamar zancen ƙwallo suke. Hannun namiji a carafke abin kallo ne. Ya jefa uwa har ta kusa taɓa kwano, ya bi ta da ido baki buɗe, ta sauko ta same shi a goshi. Mun yi dariya a watan nan har madam ɗin aji uku ta aiko a tambaya ko lafiya.

Ni ƴar taga ce, kuma ƴan taga sun ɗauka sun tsinci dami da aka sa ni cikinsu. Ba a daɗe ba suka gane kuskurensu. Dutse ba ya faɗuwa a hannuna, amma bakina ba ya wuce layi na uku. A ɓangarenmu kuma akwai wadda ke zuwa ta ɗaya a aji tun muna ƙanana, wata siririyar yarinya mai shiru-shiru, iyayenta daga wajen Azagor suka zo suka zauna a gari bayan dabbobinsu sun ragu. Ita jadawali daga na biyu har na tara a bakinta yake, ko daga ƙasa aka ce ta faro za ta hauro. Amma da ta jefa dutse sai ta rufe ido. Ba ta taɓa cafewa sau biyu a jere ba. Sati uku ƴan taga muna shara, ƴan ƙofa suna wucewa da guntun ƙarfe a kafaɗa suna mana sannu da aiki.

Wani yaro a ɓangarenmu, tsintsiya a hannu, ya dube mu ni da ita ya ce da za a kai mu wurin tela ya ɗinke mu mu zama mutum ɗaya da an huta. Madam tana goge tablo, ta juyo ta ce, "Ba a buƙatar tela. Ke ki ba ta hannu, ita ta ba ki baki."

Haka muka fara. Kullum da la'asar sai in ɗauki gwangwanina in tafi gidansu, can gefen gari inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Kakarta tana zaune a inuwa tana saƙar tabarma, ba ta jin Faransanci, Hausarta ma gajera ce, amma ta san lokacin da na yi kuskure, don jikarta takan ɗan runtse ido. Sai tsohuwar ta ce, "Sake," ba tare da ta ɗago kai daga saƙarta ba. Na sha jin haushin kalmar nan. Ni kuma ina koya wa ƙawata kada ta ji tsoron dutse. Na ce ta jefa ƙasa-ƙasa, iyakar hanci, ta bar idonta a kan uwa, yatsu su nemi na ƙasa da kansu. Ranar da ta cafe sau biyar a jere ta yi tsalle har ta tuntsurar da ƙwaryar nono. Kakar ta tashi ta shiga ɗaki, mun ɗauka faɗa za ta yi, sai ta fito da wani ƙullin tsumma. Tsakuwa ce farare sumul guda bakwai, daga bakin wata rijiya ta arewa, tun tana yarinya take ajiye da su. Ta ba mu aro, ta ce ranar da muka ci mu dawo mata da kayanta.

Ba zan ce gasar nan ba ta da illa ba. Akwai wata ƙaramar yarinya a ƴan ƙofa da ta san jadawalinta sarai, amma da ta zauna a tabarma yara suka fara ihu a kanta, sai ta daskare, hawaye su zubo. Ƴan ɓangarenta suka fara cewa ta yi zamanta a gida ranar Juma'a. Da madam ta ji, ranta ya ɓaci ƙwarai, karo na farko da muka ga fushinta. Ta goge sanduna uku daga na ƴan ƙofa da tafin hannu, ta ce daga yau duk wanda ya yi wa nasa tsawa ɓangarensa ne zai biya, kuma ita za ta riƙa zaɓen mai zama a tabarma, ba mu ba. Tun daga nan kowa ya gane ba gwaninsa zai cece shi ba, mai rauninsa ne. Sai ka ga manyan yara sun kewaye ƙarami a rekireyasiyo suna lallaɓa shi da jadawalin takwas kamar ɗan sarki.

A sati na biyar muka zo Juma'a kunnen doki. Saura zama ɗaya, madam ta kira ni, ta kira dogon nan da ya ce wasan mata ne, wanda yanzu ya zama abin tsoro. Jadawalin bakwai. Ya yi nisa har ya wuce layi na takwas sannan dutse ya zame masa. Ni kuma na fara, fararen tsakuwa a gabana, ajin shiru. Na wuce set fwa sis, na wuce set fwa set, karant-nef. Na jefa na takwas, na buɗe baki na ce sankant-kat, hamsin da huɗu. Uwa ta sauko tsakiyar tafina lafiya lau, amma ƴan ƙofa talatin suka amsa mini da murya ɗaya, sankant-sis, hamsin da shida.

Sati guda ina ɗebo ruwa daga famfo zuwa aji, bokiti a ka, duk taku ina maimaita lambar nan da haushi. Yau na girma, na yi karatu iya nawa, na manta abubuwa da yawa da na ci jarrabawa da su. Sis fwa nef ma wani lokaci sai na ɗan tsaya. Amma set fwa wit, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa kafin in buɗe ido. Abin da na ci da shi ya zauna a kaina zaman baƙo, wanda aka ci ni da shi kuwa ya gina ɗaki.

Juma'ar da ta biyo muka ci. Ƙawata ce ta kawo sandar ƙarshe, ta kai jadawalin tara har ƙarshe ba tare da dutse ya taɓa tabarma ba, ido a buɗe. Ranar Litinin ƴan taga suka ce ni zan fara bugawa. Na ɗauki guntun ƙarfen da hannu biyu, na daki ƙafar motar nan, na ji ƙarar ta bi hannuna har haƙora. Lakwal duka, har ƴan aji shida, suka taso da gudu suna shiga layi saboda ni na buga. Na ƙara bugu biyu da ba a buƙata, sai da dirakte ya leƙo ta taga. Da yamma na bi ta kasuwa na tambayi babana ko ya ji ƙararrawar safe. Ya ce ya ji. Na ce ni ce. Ya ce, "Shi ya sa ta yi ƙara."

Wani abu kuma ya faru da ban lura da shi ba sai daga baya. Tunda na gane waƙar safe tana da ma'ana, sai na fara zargin sauran abubuwan da muke rerawa su ma suna da tasu. Na fara tambayar ƙawata, wannan fa me yake nufi, wancan fa. Ashe shekara biyun da na yi a ajin nan ba su tafi a banza ba, komai yana nan a kaina a zube kamar kayan da aka sauke ba a jera ba. Madam ta zana mana gidajen ƴar gala-gala a tsakar lakwal, kowane gida da aikatau ɗinsa, muna tsalle da ƙafa ɗaya muna juya kalmomi. Kayena ya fara samun jan biki, wato jan alƙalamin madam, mai daɗin gani. Duk da haka ban taɓa ɗaukar kaina wata aba ba. Wadda ta saba da ƙarshen layi ba ta yarda da sauri cewa ta matsa.

Kompozisiyon ƙarshen shekara ta zo cikin zafin bazara, hadari yana taruwa kullum yana watsewa. Al'adar lakwal ɗinmu malamai su yi musanyar aji, kada kowa ya tsare nasa. Mu dirakte da kansa ya faɗo mana. Ya tsaya a ƙofa ya ce kowa ya juye aljihu da bakin zane. Tsakuwar da aka tara a gindin ƙofar nan ta isa a yi daɓe.

Aka rubuta kalkil a tablo. Na duba na farko, ninkawa ce da takwas. Na nemi amsar a kaina, wayam. Na sake nema, babu komai sai muryar waƙar nan ta da, ba kalmomi. Gumi ya keto mini. Na ga rumfar babana, na ga kaina zaune a gida da safe yara suna wucewa da jaka. Ban san lokacin da hannuna na dama ya sauka ƙarƙashin tabur ba. Ya jefa dutsen da babu, ya kwashi iska a kan cinyata, ya cafe. Sai ga wit fwa an ya fito da kansa. Na sake jefawa, na biyu ya biyo. Na riƙa jefawa ina cafewa har na iso inda nake nema, na ɗauki biki na rubuta, na ajiye na koma wasa.

Ina cikin na huɗu na ji takalmi ya tsaya kusa da ni.

"Buɗe hannunki," in ji dirakte.

Na buɗe, babu komai. Ya sa na miƙe, ya leƙa ƙarƙashin tabur, ya ɗaga ardwazina, ɗan allon rubutuna, ya duba bayansa, ya dubi yarinyar da ke gefena ko alama nake mata. Sannan ya ce, "To mi kike yi da hannu?"

"Carafke nike, mushe."

Ajin ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, ya ce in zauna in ci gaba. Amma da ya koma teburinsa na ga ya buɗe babban kayensa ya rubuta wani abu, ya ɗago ya sake kallona. Haka na gama kompozisiyon. Ban gaya wa kowa a gida ba, sai dai na sa a raina cewa an rubuta ni cikin masu satar amsa.

Ranar faɗin sakamako an yi ruwan farko da asuba, garin yana ƙamshin ƙasa, rabin iyaye sun tafi shuka. Aka zaunar da lakwal duka a ƙarƙashin itatuwa. Dirakte yakan karanta kowane aji daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Goma na farko ana tafa wa kowannensu, ya miƙe a gan shi. Daga nan tafi ya ɗauke, a ci gaba da kira shiru, har a iso wutsiya inda ake fara ƙunshe dariya. Ni kuwa ina da tawa al'adar tun aji ɗaya. Da an kira ajinmu sai in sulale in koma bayan ginin aji inda randar ruwa take, in toshe kunne, don farkon takardar ba ruwana da shi, kuma tafin da ake wa wasu yana ƙona mini rai. Sai na ji ya lafa in fito in tsaya a baya in jira nawa.

Haka na yi a ranar. Na fito dirakte yana wajen na ashirin. Na saurara, na talatin, na arba'in, ba ni. Na ce to bara ma a hamsin da wani abu na fito. Aka wuce hamsin. Aka kira na ƙarshe, yara suka yi dariyarsu, dirakte ya juya takarda ya ce aji biyar. Sunana bai fito ba ko a wutsiya. Na fahimci abin da hakan ke nufi: wadda aka kora ba a ma wahalar karanta ta.

Ban nemi madam ba, ban nemi ƙawata ba. Na bi ta ɓarakar shinge na fita, na kama hanyar kasuwa ina kuka, ƙafata tana nutsewa cikin jiƙaƙƙen yashi. Na sami babana shi kaɗai a rumfa yana huda roba da basilla. Na durƙusa na gaya masa duka, hannun da na motsa, rubutun da dirakte ya yi, da sunan da ba a kira ba.

Ya ce, "Kin yi satar?"

"Ban yi ba, baba."

Ya ƙarasa ɗinkin da ke hannunsa, ya ɗaure zaren, ya yanke. Sannan ya tattara kayansa ya tura ƙarƙashin benci, ya ce wa maƙwabcinsa mai igiya ya duba masa rumfa. Ya kakkaɓe rigarsa, ya gyara hula. "Tashi mu tahi."

Babana mutum ne mai tsoron biro, wato ofis. Ko takardar haihuwata ƙaninsa ya aika ya karɓo. Ina biye da shi ina kallon yadda yake goge hannuwansa a jikin riga, baƙin robar ya ƙi fita. Da muka isa an watse, tsakar lakwal ba kowa sai awaki. Dirakte yana bironsa yana haɗa takardu. Babana ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya ƙi zama a kujerar da aka nuna masa. Ya fara magana a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce shi bai yi karatu ba, bai san dokar wurin nan ba, amma ya san ɗiyarsa, ba ta da kai mai sauri amma ba ta ƙarya. Ya ce a yi mata haƙuri a bar ta ko shekara ɗaya, in ma a ƙasa za ta zauna. Ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba.

Dirakte ya dube shi, ya dube ni, ya cire tabarau. "Malam, wa ya ce an kore ta?"

"Ba a kira sunanta ba."

"An kira. Sau ukku na kira ta, yara suna ta waige-waige. Na ɗauka shuka ta tahi." Ya jawo takardar ajinmu, ya bi da yatsa daga sama, bai yi nisa ba ya tsaya. "Ta tara ta zo. Kalkil kuwa ba wanda ya hi ta sai mutum guda." Ya juyo gare ni. "Abin da kinka ga na rubuta, don tunatar da kaina na, in tambayi madam ɗinku wane irin wasa na wanga, don ƴan aji ukku ma su koya."

Na tsaya kamar an dasa ni. Babana ya ɗago kai ya ce, "Mushe, don Allah in ba damuwa, ka sake karantawa. Daga ni har ita ba wanda ya ji."

Dirakte ya mayar da tabarau. Ya miƙe tsaye, ya riƙe takardar da hannu biyu yadda yake yi a gaban taro, ya gyara murya, ya kira lamba ta tara da Faransanci, ya kira sunana da na babana, da ƙarfi, a ɗakin da ba kowa sai mu uku.

Na ce, "Na'am," don ban san abin da ake cewa ba.

Babana ya dubi hagu da dama, ya ga babu mai tafawa. Sai ya ɗaga baƙaƙen hannuwansa ya tafa mini shi kaɗai, a hankali, ya daɗe bai daina ba.